Bishiyar Argiro a Gonar Haridimos

Ranar da muka binne Barba Haridimos, wato Baffa Haridimos a bakinmu, duk wanda ya buɗe baki a wurin gahawar makoki hannunsa ya yaba. Ba su yi ƙarya ba. In ka tsaya a ƙofar cocin ƙauyenmu ka dubi tuddan da suka gangara zuwa teku, rabin zaitun ɗin da idonka zai sauka a kai wuƙarsa ta taɓa shi. Auren itace ne sana'arsa. Zai sami zaitun na jeji, mai ƙananan ganye da 'ya'ya kamar kashin akuya, ya datse shi, ya tsaga ɓawon, ya cusa reshen na gida, ya ɗaure, ya shafe da laka. Bayan 'yan shekaru sai ka ga itacen da a da ko awaki ba sa ganin girmansa yana cika buhu. A ƙauyenmu, nan kudancin tsibirin Kirit na ƙasar Girka, hukuncin tsoho ne: wanda ya aura na jeji shi ke da itacen, ko ƙasar ba tasa ba ce. Da haka Haridimos, wanda iyayensa ba su bar masa komai ba sai gona ɗaya mai duwatsu, ya wayi gari yana da itatuwa har a tuddan da sai an kwana a hanya.

Ba wanda ya ambaci yayarsa Argiro a wurin makokin. Ni kuwa ita nake ta tunawa, don katangar dutse ce kawai tsakanin gonarmu da tasu, kuma na fi sanin muryoyinsu su biyu fiye da fuskokinsu.

A tsakiyar gonar akwai wata bishiyar zaitun da muke ce wa Tsohuwa. Ba wanda ya san wanda ya aura ta. Ta girmi cocin, cocin kuwa ya girmi kakan kowa. Cikinta ya rarake har tumaki kan shige su fake wa ruwa, jikinta ya murɗe kamar wankin da aka matse, amma duk sanyi sai ta yi 'ya'ya, manya, masu nama, da ɗan wutsiya a ƙasa. Babu irinsu a tudu ko a kwari. Ba a kai su injin matsa tare da sauran. Da hannu ake tsinkarsu, a fasa da dutse, a jiƙa a ruwan gishiri da lemo. Ɗan man da aka matsa daga ragowar shi ake shafa wa jariran gidan ranar baftisma, shi ake zuba wa fitilar kabarin waɗanda suka riga mu.

Uwarsu ta raba gado tun tana da ƙarfinta, a gaban maƙwabta: ƙasa ta Haridimos, Tsohuwa ta Argiro. Ba wanda ya ga baƙon abu a nan. Mai itace yana da hanyarsa zuwa gindin itacensa muddin itacen na raye, mai ƙasa kuma ba shi da ikon karya masa ko tsinke.

Ɓatawarsu ta samo asali ne daga mutuwar uwar. A watan Afrilu ne, lokacin da ruwa ke hawa jikin itace, ɓawo ya saki. Kwanakin auren itace ke nan, kuma ba su da yawa. Haridimos yana can bayan dutse yana aiki, Argiro ta aika masa cewa jikin Inna ya yi tsanani. Ya ce a gaya mata saura layi ɗaya ya gama. Ya gama layin. Da ya iso an riga an rufe kabari. A ƙofar gida, gaban mutane, Argiro ta ce ƙafarta ba za ta ƙara tsallake dokin ƙofarsa ba. Shi kuma, da kunya ta rasa inda za ta fita sai ta baki, ya ce in ya ƙara roƙonta wani abu, ko ruwan sha ne, kada Allah Ya ba shi abin da yake nema.

Dukansu sun riƙe maganarsu. Ta bi mijinta birnin Retimno, ta haifi 'ya'yanta a can, ta binne mijin a can. Ba ta zo bikin 'yarsa ba, bai je na ɗanta ba. Amma gindin bishiya ba ƙofar gida ba ne. Duk shekara, sanyi na shigowa, sai ga Argiro ta sauko daga motar safe da kwanduna da baƙin ɗankwalinta, ta bi gefen katangarmu ta shiga. Shi kuma, mutumin da ke da itatuwa a ko'ina, a wannan makon ba ya samun aikin yi sai a wannan gonar.

"Wa ya bar wannan tsani a nan?" Haka take farawa, ba sallama.

"Nawa ne. Na manta shi."

"Bara ma ka manta shi."

"Kada ki hau. Ba a yi shi don masu nauyi ba."

"Ka ga mai magana! Kai da cikinka ya riga ka shiga coci."

Sai ta hau. Sai ya zo ya tsaya a ƙasa, wai yana duba wani dutse da ya goce, ƙafarsa ɗaya a kan matakin farko.

"Yaya, reshen can kika bari."

"Na bar wa tsuntsaye. Su suna zuwa in an kira su."

Nan sai ya koma kan dutsensa. Ita ma ta san ta kai inda ke ciwo, sai ta sauya.

"Matarka har yanzu tana ƙona wake?"

"Ta daina. Yanzu ɗanye take ba ni."

"Ya yi maka daidai."

Da rana kowa ya zauna a nasa ɓangaren kututturen, sun juya wa juna baya, bishiyar a tsakani. Ita da busasshen burodin sha'ir da tumatir, shi da cuku. Ban taɓa ganin ya miƙa mata ba, ban taɓa ganin ta miƙa masa ba. Sai dai ya ajiye cuku a cikin rarakon ya ce ya yi gishiri da yawa, ba ya ci. Can an jima ka ji ta daga ɗaya gefen: "Wannan cukun wa ya yi shi? A kama shi." Ta cinye. In ta gama tsinka za ta tafi, kullum sai kwando ɗaya ya yi mata nauyi ta bar shi a bakin katanga, tana faɗin ɓarayi su ɗauka in suna so. A haka na ji labarin rashin lafiyar mijinta, a haka ya gaya mata an yi masa jika. Duk cikin zagi.

Na taɓa tambayarsa, muna gyaran katanga, me ya hana shi ɗaukar reshen Tsohuwa ya aura a wani wuri, shi da ya yaɗa irin kowa a tudun nan.

"Ba tawa ba ce," in ji shi.

"To ka tambaye ta mana, Barba."

Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a coci. "Miƙo dutsen can."

Da zai yanki reshe ɗaya da asuba, ba wanda zai sani. Amma ɓarawon reshe ba ya sake samun aiki a ƙauyukanmu, kuma ko ba don haka ba, ba halinsa ba ne. Ita ma na tabbata da ya tambaya za ta zage shi tas sannan ta bar masa rassan a bakin katanga. Bai tambaya ba. Ba ta yi tayi ba. Tsohuwa ta ga Turkawa sun zo sun tafi, ta ga Jamusawa, wa zai yi mata gaggawa?

Wutar ta zo a wani watan Agusta, da iskar arewa a bayanta. Ta faro daga kwari, kafin azahar ta haye tudu. Ƙananan itatuwa wuta kan lashe su ta wuce. Tsohuwa kuwa rarakon cikinta ne ya zame mata murhu: wutar ta shiga ta ƙasa ta fito ta sama, ta yi kwanaki tana ci a ciki bayan ko'ina ya mutu. Haridimos ya yi ta jido ruwa a kan jaki har tafin hannunsa ya saɓule. Da ta huce, abin da ya rage baƙin kututture ne iya ƙugu.

A wurinmu zaitun ba ya mutuwa don an ƙone shi, kowa ya san wannan. Ruwan farko na sauka sai ga toho ya kewaye kututturen, kore shar, kamar an shuka. Mutane suka riƙa zuwa kallo, tsofaffin mata suna yin alamar gicciye. Haridimos ya tsuguna, ya murza ganye ɗaya a yatsunsa, ya daɗe bai tashi ba. Tohon daga saiwa ya fito, ƙasa da inda wani mutum da ba a san sunansa ba ya yi aurensa shekaru aru-aru da suka wuce. Abin da ke sama, mai manyan 'ya'yan, ya tafi da wutar. Wanda ya dawo na jeji ne.

Da sanyi ya shigo bai yi zaton za ta zo ba. Ya dai je gonar. Sai ga ta, da kwando ɗaya.

Ta zagaya kututturen. Ta tsinki ganye ta duba. 'Yar ƙauyen nan ce, a gindin zaitun aka yaye ta, ba ta bukatar a gaya mata.

"Ganyen nan ya ƙanƙance," in ji ta.

"Wuta ya sha. Ke ma in kin sha wuta za ki ƙanƙance."

"Da ka ji daɗi."

"Da tsanina ya huta."

Ta juya ganyen. "Tana da rai dai."

"Ga shi kina gani."

"To tawa ce."

"Wa ya ce ba taki ba ce?"

Ta tuɓe mayafi ta hau cire ciyawa. Ta rage tohon ta bar masu ƙarfi, ta kewaye su da ƙaya saboda awaki, tana yi tana faɗin ga mutum da gona amma ko shinge bai iya ba. Shekara ta zagayo ta dawo, ta sake dawowa. Babu abin tsinka, amma tana zuwa da kwandonta, su zauna baya da baya, yanzu ba abin da ya raba su sai guntun gawayi da 'yan sanduna. Da tohon ya fara 'ya'ya, 'yan mitsi-mitsi, ƙwallo da fata, ta tsince su a ƙyalle ta ƙulle.

"Me za ki yi da wannan?"

"Abin da na ga dama."

"Ko kaza ba ta ci."

"Shi ya sa ban ba ka ba."

A shekarun nan ne sandunan suka kai kaurin hannu, wato daidai aure. Duk wanda ya wuce ta hanyar ya gani. A kantin gahawa kuwa akwai Miron, wanda ya riƙe wa Haridimos kambin aure a coci, shi ya sa suke kiran juna kumbaro, abokinsa tun suna tsaron awaki, mutumin da bai taɓa barin magana ta kwana a cikinsa ba.

"Jama'a, kun ji sabon labari? Likita na fama da ƙurji a goshi."

"Wane likita?"

"Ga shi nan zaune. Ya aurar da jejin duniya, na tsakar gonarsa ya gagare shi."

"Sha gahawarka, Miron."

"Ko hannun ne ya fara rawa, kumbaro? Faɗa mini, ba zan gaya wa kowa ba, sai mutanen nan."

Aka yi dariya. Haridimos ya ɗaga hannunsa sama, ya baje yatsu. "Ka ga rawa a nan?"

"To tsoron Argiro ne. Kada ka ji kunya, ni ma ina tsoronta. Tun muna yara ta fasa mini kai da tulu."

"Da ta ƙarasa."

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk bazara sai an tayar. Amma ba zan ɗora wa Miron duka ba. Na sha ganin Haridimos tsaye gaban sandunan nan yana shafa ɓawonsu da babban yatsa, kamar mai jin ƙaiƙayi. Mutum ne da bai iya wuce na jeji ya bar shi ba. Kuma daga baya ya gaya mini abin da ya fi cinsa: ganin yayarsa, da furfurarta, tana hawa motar yamma da ƙullin ƙyalle a hannu maimakon kwanduna. Ya ce a ransa, in ya aura, shekara kaɗan za ta sake cika kwando. Ba irin na da ba, amma na ci.

Abin da ya kamata ya yi bai fi taku ɗaya ba: ya bari sai ta zo, ya ce, Yaya, in aura miki? In da izininta ya yi, aiki ya yi mata, bishiya tana nan tata. Amma wannan roƙo ne, ko ya yi kama da roƙo. Wata safiya a watan Afrilu na ji ƙarar zarto ta bayan katanga. Ya yanko rassa daga itacensa mafi kyau, irin da kowa ke da shi, mai yawan mai. Aiki ne mai tsabta, ban taɓa ganin ya yi wanda ya fi shi ba. Duka suka kama.

Ta zo da sanyi kamar kullum. Ina tsinka a gonarmu, na ji takunta ya tsaya tun kafin ta kai. Shi yana can gefe yana faman gyara wani abu da bai lalace ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Wa kike da shi mai irin wannan hannun?"

Na jira zagin. Shi ma shi yake jira, har ya ɗan gyara tsayuwa.

"Ya yi kyau," in ji ta.

"Shekara uku ki zo da manyan kwanduna."

"In zo in yi me?"

"Ki tsinka mana. Ko sai an tsinka miki?"

"A bishiyar wa?"

"Kai, Yaya!"

"Na jeji ne, ka aura. Kai ka fi kowa sanin na wane ne yanzu. Da wannan hukuncin ka ci abinci duk rayuwarka."

"Wannan tsakaninmu ne. Wa zai kawo maganar hukunci?"

"Da tsakaninmu ne da ka tambaye ni."

Ya buɗe baki. Ina ganinsa ta saman katanga, wuƙar auren na rataye a ƙugunsa, leɓensa na motsi. Kalma ɗaya ta rage, ko yanzu ma da ta isa. Abin da ya fito shi ne: "Kin fi son kashin akuya ke nan?"

"Nawa ne dai," in ji ta. Ta ɗauki kwandonta. Ba ta jira motar yamma ba, ta tsaya a bakin hanya har wani mai ɗaukar kayan lambu ya rage mata.

Sanyin da ya biyo baya ya kai tsani ya jingina, ya yi makon a gonar. Ba ta zo ba. Na gaba ma haka. Ya aika 'yarsa ta gaya mata bishiyar tata ce, ya faɗa gaban Fada, limamin cocinmu, ya faɗa gaban kowa a kantin gahawa. Argiro ta aiko da amsa cewa ta gode, amma ba ta karɓar kyautar itace, kuma gwiwoyinta ba sa son mota yanzu.

Shekarar da sabbin rassan suka yi 'ya'yan kirki, ya tsinka da hannu, ya fasa da dutse, ya jiƙa da gishiri da lemo yadda uwarsu ke yi. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya hau motar Retimno da tulun a cinya. Shekarunsa sun haura saba'in, bai taɓa taka gidanta ba. Ita ta rantse kan ƙofarsa, shi bai rantse kan tata ba, sai a lokacin ya lura.

Washegari na same shi zaune a kan katanga. Ban tambaya ba, shi ya fara.

"Ta buɗe mini da kanta."

"To madalla."

"Ta ce, sannu da zuwa, shigo. Ta kai ni ɗakin baƙi. Ka san irin kujerun nan da ake rufewa da farin ƙyalle?"

"Na sani."

"Ta kawo mini gahawa a kofin da ba a taɓawa. Da ruwan sanyi, da zaƙin lemo a cokali, a kan faranti. Kamar na zo neman auren 'yarta."

"Tulun fa?"

"Ta ce an gode, Allah Ya ƙara albarka. Ta ba jikarta ta kai ciki. Ko buɗewa ba ta yi ba, balle ta ce gishiri ya yi yawa." Ya murza tafin hannunsa. "Na ce mata, Yaya, kin yi ƙiba. Ka san me ta ce? Ta ce, shekaru ne. Na ce gidan nan naki duhu kamar kabari. Ta ce, haka ne, rana ba ta shigowa sosai. Muka zauna muna jin agogo."

"Ba ka ce mata komai ba, Barba? Kan bishiyar?"

"Na ce. Na ce, na yi kuskure, ki yafe mini. Ka ji, na roƙa. Ta ce ba komai, ya wuce, kada in sa a raina." Ya juya ya dubi gonar. "Ta raka ni har bakin titi. Ta ce in gaida mutanen gida."

Ya sake zuwa sau ɗaya ko biyu, aka sake shimfiɗa masa farin ƙyalle, sai ya daina. Ta riga shi tafiya da 'yan shekaru. Bai bar auren itace ba sai da idonsa ya gaza, kuma har ƙarshe in baƙo ya yaba masa itatuwan tudu yakan gyaɗa kai ya ce sun kama.

Bishiyar tana nan, ta yi kai, ta rufe baƙin kututturen har sai ka sunkuya za ka gan shi. Tana cika buhu fiye da yadda Tsohuwa ta taɓa yi. Mijin 'yarsa ne ke kaɗe ta yanzu, da sandar inji, rana ɗaya da sauran, a zuba a mota ɗaya a kai matsa.